Maɓallin Sallama

Ranar da Rayan ta yi maganar wasanmu ina tsakar gida ina tankaɗen garin kisra, wainar dawarmu ta nan Sudan, sai ga Mazin ya faɗo da takalmi ƙafa ɗaya, waya a hannu, yana haki. Mazin ƙanena ne, kuma tun da aka yaye shi ban taɓa ganin ya yi gudu don wani abin kirki ba, don haka na ɗauka awakin maƙwabta ne suka sake faɗa wa hawasharmu, wato gonarmu ta ban-ruwa. Sai kawai ya tura mini wayar har ta taɓa hancina.

Rayan ’yar garin Madani ce da ke zaune a Alƙahira. Sana’arta ita ce ta buga wasannin bidiyo a gaban kyamara, ta faɗi abin da ta gani, dubban mutane suna kallo. Bakinta ba shi da linzami. Na taɓa jin ta ce da wani wasan da babban kamfani ya yi, gara mutum ya zauna yana kallon tukunya ta tafasa. Mazin yana tsoronta fiye da yadda yake tsoron Baba, ga shi yau fuskarta cike da allon wayarsa tana kiran sunan ƙauyenmu, Hillat Sabi’u, har da ƙoƙarin nuna inda yake a taswira, kusa da Suki. Ta ce wasu ’yan’uwa biyu ne suka yi wasan nan, ya sa ta jifa da matashin kai, ya hana ta abincin rana, ya kashe ta har ta daina lissafi, kuma a bana ba ta buga abin da ya kai shi wuya ko kyau ba.

Na saki rariya. Gari ya zube, kaji suka samu biki. Yumma, mahaifiyarmu, ta fito tana faɗa, da ta ji dalili ta mance da garin ta rangaɗa guɗa.

Sunan wasan Mati Mai Sanda. Mati kuwa ba ƙirƙirarsa muka yi ba, mahaifin kakarmu ne, Habboba Habi, wanda ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka, hanya ta ajiye shi a bakin Bahar, kogin nan na bayan ƙauyenmu. Lokacin da aka rufe jami’a Mazin ya dawo gida da tsohuwar kwamfuta da hannuwan da ba su ga maciji da fartanya. Ni kuma ina koyarwa a firamare, ina zane a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Shi ya tsara wasan, ni na zana. Da farantin sola na famfon ban-ruwa muke cajin kwamfutar, Baba yana mita cewa muna shanye wa auduga rana.

A wasan ana ganin Mati ta gefe, ɗan mitsitsi da sanda, yana tafiya daga hagu zuwa dama, wato gabas. Yana tsallake ramuka, yana sauka rijiyoyi, yana ɓacewa a kogon dutse, ya dawo baya neman hanyar da ya wuce bai gani ba. Kuraye suna jiransa, kadoji suna jiransa, da wani aljanin kuka da na ba shi fuskar hedimastanmu, Allah ya sa har yau bai lura ba. Wasan yana da wuya, wannan ba mu ɓoye ba. Amma mun yi wa matafiyi tanadi. A kowane gari akwai ƙofar wata tsohuwa. Idan ka shiga za ta ba ka ruwa ƙarfinka ya dawo, ta nuna maka hanya, wasan ya riƙe maka inda ka tsaya, ko kura ta cinye ka daga nan za ka tashi. Sannan ta ba ka labarin Mati guntu-guntu, kowane gari da nasa.

Muryar tsohuwar ta Habboba ce. Rani guda muka yi muna ɗaukarta bayan cirar auduga, tana zaune a angareb ɗinta, gadon nan na saƙar igiya, da jabana, butar gahawarta, a gefe. Mun gaya mata murya kaɗai ake ɗauka, ba hoto, amma ba ta taɓa yarda ta fara ba sai ta sa tob ɗinta, wato lafayarta ta zuwa biki, ta shafa turare. Ta ce baƙi za ta yi, ba za ta tarbe su kamar mai zuwa itace ba. Da damina ta shigo tari ya kama ta, muryar ta dishe, har yau ba ta koma yadda take ba. Abin da muka ɗauka shi ne abin da ke akwai.

Shiga ɗakin ba wani sirri ba ne a wurinmu. Akwai maɓallin sallama. Ka tsaya a ƙofa, ka danna, Mati ya ce salamu alaikum, ka jira a amsa. Da Mazin ya zo tsara tsawon jiran, sai ya je ƙofar Habboba ta gaske ya yi sallama, ya auna yadda take saukowa daga angareb, ta lalubi takalmi, ta gyara tob, ta jawo ƙafa har ta iso. Abin da ya samu shi ya saka. Duk samarin ƙauye sun gwada wasan kafin ya fita, ba wanda ya ga abin magana. Wa zai yi sallama a ƙofar tsohuwa ya ce ta yi sauri?

Bayan bidiyon Rayan sharhi ya yi ta kwararowa kamar an buɗe bakin babbar tur’a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Wani mai sharhi a Riyad ya ce wasan ba ya yafiya, kuma don haka yake son sa. Wata mujallar intanet ta Turawa ta sa shi cikin wasannin da bai kamata a bari su wuce a bana ba, Mazin ya fassara mana a shagon Kawu Abdulganiyu. Akwai wani ɗan Burazil da ba mu jin ko kalma ɗaya ta yarensa, amma ihun da yake yi duk lokacin da kada ya kama Mati ba ya buƙatar tafinta, yaran ƙauye har sun haddace shi suna yi wa juna a wurin wanka. Masu zagi ma sun zo. Wani ya rubuta cewa duk wanda ya tsara wannan wasa ya kamata likita ya duba shi. Mazin ya fi murna da wannan fiye da sauran.

Kawu Abdulganiyu ya manna hoton Mazin a jikin firij, tsakanin tallar lemo da ta sabulu. Baba, wanda ya daɗe yana cewa ɗansa ya zama mai gadin kwamfuta, ya koma tsayar da mutane a kan gada yana yi musu bayanin abin da bai taɓa dannawa ba. Wani ɗan’uwanmu ya bugo daga Dindir yana tambaya ko gaske ne za a ɗauke mu a jirgi. Ni kaina ƙasa ba ta ɗaukata. Ina shiga aji yara suna tashi suna kirana ustaza mai kuraye, ina yi musu tsawa, ina jin daɗi.

Sai da mako ya zagayo na zauna na kalli bidiyon Rayan daga farko har ƙarshe, ba wurin yabon kaɗai ba. So nake in ga fuskarta lokacin da za ta ji muryar Habboba. Mati ya iso garin farko, ya tsaya a ƙofar da na zana, shuɗiyar ƙofar langa-langa mai faci a ƙasa, irin ta Habboba sak. Rayan ta danna sallama. Ta jira gwargwadon haɗiye yawu. Sai ta dubi kyamara ta yi dariya, ta ce wannan shi ne maɓalli mafi ladabi kuma mafi rashin amfani da ta taɓa gani. Ta ɗaga sandar Mati ta rotsa ƙofar.

A wasan, wanda ya fasa ƙofar tsohuwa gari ne ke tasar masa, karnuka da maza da sanduna, har sai ya fita daji. Mun saka wannan ne don raha, ba mu zaci mai hankali zai gwada ba. Na buɗe bidiyon ɗan Riyad. Ya fasa. Ɗan Burazil ya fasa yana ihu. Ashe a irin waɗannan wasanni ƙofa da tulu da akwati duk abin fasawa ne, haka aka saba. Ashe duk duniya tana buga wasanmu ba ruwa, ba hutu, ba mai nuna hanya, kura ta ci mutum ya koma tun daga Sakkwato. Rabin wuyar da suke yabo ke nan. Mujallar Turawan nan har ta jinjina mana da muka zana ƙauyukan da ba su san darajar baƙo ba. Mu fa. Mu da baƙo sai ya haɗa mu da Allah kafin a daina ƙara masa tuwon asida.

Na sami Mazin a inuwar farantin sola. Kafin in gama ya sunkuyar da kai, na gane ya riga ni sani. Wasan yana nuna masa inda masu bugawa suke kaiwa, kuma ban da ’yan ƙauyenmu ko mutum ɗaya a duniya bai taɓa shiga ɗakin Habboba ba. Na ce to ya sanar yau, magana ɗaya ta isa: a yi sallama a jira. Ya ce ba yanzu ba. An sa sunan wasan a wata gasa ta ƙarshen shekara, ta wasannin Afirka da ƙasashen Larabawa, kuma saboda wuyarsa aka sa shi. Idan aka ji cewa wuyar kuskure ce, dariya za a yi mana. Samarin ƙauye ma ya riga ya roƙe su, su kuwa ko ba roƙo ba za su faɗa ba, daɗi suke ji duniya ta kasa abin da suka gama suna ɓarar gyaɗa.

Na ce Habboba tari take yi, ba wanda ya yi mata alƙawarin ƙarshen shekara.

“Yaya Mawada,” ya ce, “tun da aka haife ni sunana bai taɓa tsallake iyakar jiharmu ta Sinnar ba. Ki bar mini wannan. Watanni kaɗan ne.”

Idonsa ya ciko. Na ji haushinsa kamar in mare shi, na kuma ji tausayinsa, domin ni na ga yadda ya rame a kan wasan nan. Tausayin ya rinjaya. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa sirrin ƙofar ba, da baki ko da rubutu, na kuwa rantse.

Daga nan yabon ya daina yi mini daɗi, amma bai daina zuwa ba. Maɓallin sallama ma ya sami nasa masu sharhin. Wani a Tunis ya yi doguwar maƙala yana cewa maɓallin yana nuna kaɗaicin matafiyi, mai gaida duniya ba ta amsa masa, kuma ya yi kuka da ya gane haka. Na karanta ina cizon yatsa. Bawan Allah, da ka ɗan jira, da ka sha ruwa.

Wahalar ita ce Habboba. Kullum da safe idan muka je gaishe ta, bayan ta gama tsokanar Mazin da maigidanta marar kawo cefane, sai ta tambaya ko baƙinta sun taho. Mazin ya ce suna hanya. Ta ce hanya wagga da tsawo take, ko babanta da ya taho da ƙafa ya fi su sauri. Ta yi dariya, tari ya katse ta. Ni sai in tashi in ce zan duba wuta.

Ana haka Rayan ta sanar cewa ranar Juma’a bayan la’asar za ta buga Mati kai tsaye, ba za ta tashi ba sai ta ga ƙarshensa ko ya ga nata, kuma idan ta gama za ta kira masu wasan a gaisa. Ni ta aiko wa lambarta, domin Mazin ko saƙonta ba ya iya buɗewa don tsoro.

Ranar kuwa ƙauye ya tashi kaf. Kawu Abdulganiyu ya fito da babbar talabijin ƙarƙashin bishiyar nim, wato darbejiya, ya haɗa ta da batiri, ya ɗaure wayarsa a reshen da shabakar intanet ta fi kamawa. An shimfiɗa tabarmi, mata gefe, maza gefe, yara a sama kamar birai. Masu shayi suka kafa murhu. Har daga Abu Na’ama wasu dangi suka zo a bayan motar riɗi. Habboba ta ce sai ta je. Mazin ya kawo maganar zafi da tari, ta ce ta ciri auduga a zafin da ya fi wannan tun ubansa bai yi haƙori ba. Aka ɗora ta a karo, wato amalanken jaki, har da angareb ɗinta, cikin tob ɗin biki, aka ajiye ta a gaba.

Rayan ta fara, kuma gaskiya yarinyar ta iya. Ta bi ta kan kadoji ba ko ɗaya da ya taɓa ta, ta yi wa aljanin kuka dukan da ya sa har limaminmu ya tafa. Duk tsallen da ta yi sai taron nan ya tashi tare da ita. Kawu yana ta ba ta umarni da ƙarfi kamar tana jinsa. A gefen allo saƙonnin masu kallo suna ta gudu, da Larabci da Turanci da wasu rubuce-rubucen da ban san na ina ba ne. Habboba tana nuna wa matan kusa da ita cewa wancan babanta ne, sai dai shi bai kai haka gajarta ba.

Sai Mati ya iso gari.

“Wagga ai ƙofata ce,” in ji Habboba. Ta gyara zama, ta ja tob ɗinta ta rufe kafaɗa.

Rayan ta danna sallama, ta ɗaga wa kyamara gira yadda ta saba don masu kallo su yi dariya, ta rotsa ƙofar. Karnuka suka fito. Na jira Habboba ta yi faɗa, domin matar nan ta taɓa korar mai awon gona daga gidanta saboda ya taka mata tabarma da takalmi. Ba ta yi ba. Ta juyo ta dube ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Ɗiyar nan ta yi sallama, na ji ta. Ni ce ban taho da wuri ba. Ƙafafun nan ne.”

Sannan ta tambaye ni ko duka baƙin haka suke gajiya da jiranta. Ta sauke hannuwanta a cinya, ta ce idan mai karo yana kusa a mai da ita gida. A rayuwata ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin nan ba.

Karnuka suka cinye Mati a bakin gari, wasa ya mai da Rayan farko. Tana dariya ta sake kama hanya, taro ya ɗan farfaɗo. Ni kuwa ina zaune da waya a cinya ina juya rantsuwata, ina neman inda ta yage. Na rantse ba zan faɗa ba, da baki ko da rubutu. To, ban rantse ba zan gaida mutum ba.

Na san hoton yana iso mana a ɗan makare, don haka tun Mati yana hawan tudun da ke gaban garin na buga lambar. Ta yi ta ƙara a kunnena. A talabijin Mati ya tsaya a ƙofa, ya ce salamu alaikum, Rayan ta ɗaga gira, sai na ga idonta ya sauka kan tebur. Ta ajiye abin dannawa, ta ɗauki waya, ta ce wa masu kallo ga mai zanen da kanta ta kasa haƙuri, ta buɗe murya don kowa ya ji.

“Salamu alaikum, ya Rayan. Kef halik? Inshallah kuna lafiya?”

Da Larabci na yi mata, amma gaisuwar ta gidanmu ce. Ta amsa da fara’a, ta buɗe baki za ta yi maganar wasa, na tambaye ta gida. Ta ce alhamdulillah. Na tambayi Hajiya, mahaifiyarta. Alhamdulillah. Na tambayi mahaifinta, da yayyenta, da ƙannenta, da mutanen Madani na gida da waɗanda suka watse, da zafin Alƙahira, da gajiyar aiki. Duk ’yar Sudan da aka yi wa tarbiyya ba ta iya katse mai gaishe ta, Rayan kuwa duk da bakin nan nata ’yar mutane ce. Tana amsawa tana mayar mini, ni ma ina amsawa a tsanake, ina jero mata lafiyar Yumma da ta Baba da ta auduga.

Matan da ke bayana suka fara ganewa, na ji ana toshe dariya da gefen tob. Mazin ya tsallako tabarmi ya damƙi hannuna.

“Kin rantse, Yaya.”

Na rufe bakin wayar da tafi. “Gaisuwa nake yi. Sake ni.”

Ban taɓa sanin Habboba tana da jinkiri haka ba sai ranar. Dangin Rayan suka ƙare, ƙofa ba ta motsa ba. Na koma farko na sake tambayar Hajiya, ko ƙafarta ta yi sauƙi, alhali ban san ko matar tana ciwon ƙafa ba. Allah ya taimake ni tana yi. Hannun Rayan ya fara lallaɓawa wajen abin dannawa. Na tuna da wata kyanwa da ke giftawa a bidiyonta, na tambayi lafiyarta da sunanta da abin da take ci. Kawu Abdulganiyu ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki.

Sai aka ji jan takalmi, ƙasa-ƙasa, daga cikin talabijin. Sannan ƙarar sakata. Shuɗiyar ƙofar ta buɗe, tsohuwar da na zana ta leƙo da ƙoƙo a hannu.

“Wa alaikumus salam. Maraba da baƙo. Shigo daga rana, ɗana.”

Muryar Habboba ce ta bara, cikakkiya, ba tari. Guɗar da aka yi ƙarƙashin nim ta tashi tsuntsaye. Yara suka yi ta dirowa daga rassa. Rayan ta miƙe tsaye har kanta ya fita daga hoto, ta dawo ta zauna tana cewa da shinu, da shinu, wato mene ne wannan. Saƙonni a gefen allo suka ɓarke kamar buhun dawa ya yage. Ta shigar da Mati. Tsohuwa ta miƙa ƙoƙo, ƙarfinsa ya cika, wasa ya nuna cewa ya riƙe mata wurinta. Rayan ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye, tana cewa ashe duk makonnin nan a bakin randa take mutuwa da ƙishirwa.

Ta ɗago ta tambaye ni muryar wa ce. Na ce ta habbobata ce, wato kakata, tana nan gefena tana kallonta. Dariyar ta ɗauke. Ina jin lokacin ne ta tuna abin da ta sha yi wa ƙofar nan a gaban jama’a. Ta dafa ƙirji ta ce in roƙar mata gafara. Na kara wa Habboba wayar a baki, ta ce ba komi ɗiyata, shigo dai, ni kuma na fassara.

Mazin ya saki hannuna tuntuni. Yana tsugune gaban talabijin yana karanta saƙonni. Wasu suna cewa ba su taɓa ganin dabara irin wannan a wasa ba, wasu suna cewa ashe yaudara ce, wuyar ba ta kai yadda aka ce ba, a cire shi daga gasa. Ɗan Riyad ma yana cikin masu kallo, ya rubuta cewa zai goge sharhinsa ya yi sabo, bai faɗi wane iri ba. Mazin ya juyo ya ce mini gasa dai ta tafi. Na ce wataƙila. Tausayinsa na ji, amma ban yi nadama ba, kuma ya ga haka a fuskata.

A cikin ɗakin tsohuwa ta fara labari, fassarar Larabci tana bi a ƙasa. Rayan ta janye hannuwanta ta naɗe su. Habboba ba ta taɓa fara labari daga farko ba, wannan ma daga ƙarshe ta ɗauko shi. Muryar ta faɗi yadda Mati ya iso bakin Bahar da sanda da tsummar riga, ya ce zai tsaya cirar auduga ɗaya ya sami guzurin Makka. Aka haifa masa ɗiya, ya ce bari ta fara tafiya. Ta fara tafiya, ya ce bari ta iya ɗaukar tulu. Har ya rasu sandar tana jingine bayan ƙofa, kullum da safe sai ya goge ta da bakin rigarsa.

Saƙonni suka lafa. Ƙarƙashin nim ma ba mai motsi, mu da muka sha jin labarin nan har muka haddace. Baba ya juya baya yana gyaran rawanin da ba abin da ya same shi. Habboba tana zaune a miƙe, leɓunanta suna bin muryar, inda ta yi dariya bara ta sake murmushi.

Da labarin ya ƙare ta yafito Mazin da mafici. Ya matso ya durƙusa, idonsa jajur. Ta tambaye shi ko ɗiyar nan kaɗai ta ji. Ya ce a’a, duk masu rubutun nan na gefe suna ji, kowa daga gidansa. Ta ce yawansu fa. Ya dubi allo, ya ce sun fi mutanen Suki ranar kasuwa, a haɗa da na Dindir.

Habboba ta daɗe tana kallon tsohuwar da ke cikin talabijin da ɗan ƙoƙonta.

“Duka waɗanga a ɗakina suke?”

“Duka, Habboba.”

Ta ɗaga mafici ta kwaɗa masa a kafaɗa.

“Kai dai maigida ba ka da kunya. Baƙi haka, kuma ruwa kaɗai ka bari na ba su?”